Kwanon da Na Saya da Tunkiya

Da na yaye 'yata, na kai ta Kebbe wurin Inna, mahaifiyata, kamar yadda aka saba. Ni ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, sai ƙarshen mako nake hawa kabu-kabu in je in gan ta. Wata huɗu da yaye, yarinya ta lalace. Gashi ya yi ja, wuya ya zama tsinke. Inna ta ce haƙora ne. A wurin Inna komai haƙora ne, ko da tuntuɓe yaro ya yi.

Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina tsaka da rubutu a allo sai in tsaya da alli a hannu, na manta abin da na faro. Wata abokiyar aikina ta ce akwai likitar abinci ta yara a wani asibitin kuɗi a Sakkwato. Na yi dariya, abinci ma da likitarsa? Da na ji kuɗin ganinta, dariyar ta koma ciki. Albashina ba zai ɗauka ba, na maigida kuwa tun kafin ya shigo an gama rabonsa. Na sayar da tunkiyar da nake kiwo don layya. Kati daban, awo daban, ganin likita daban, ga kuɗin mota. Kafin a kira mu ciki tunkiya ta ƙare.

Likitar ta auna dantsen yarinya, ta tambaye ni me take ci. Na jero mata ina hura hanci: tuwon gero, miyar kuka, wake, fura da nono.

"Tana ci sosai?"

Na ce ai kwanon ba ya saura.

"Su nawa ne a kwanon?"

Na ce su shida, ita da 'ya'yan yayyena, ƙaraminsu ya ba ta shekara uku. Ta ajiye biro. Ta ce, "Kafin komai, ki raba mata kwano. Ku dawo bayan wata guda."

Raina ya ɓaci matuƙa. Tunkiya sukutum, don a ce mini in raba kwano! Duk hanya ina tsaki. Amma da muka koma Kebbe sai na zauna gefe ina kallo. Aka dire tuwo yana tururi, manyan suka afka masa. Ita tana can tana hura lomar farko. Kafin ta kai ta uku, sun fara suɗe kwano. Wata huɗu ina zuwa gidan nan, ban taɓa lura ba. Kunya ta rufe ni.

Na faɗa wa Inna a hankali, cikin ladabi. Ta ajiye muciya.

"Mi kic ce? Wanga gida ba a raba ma ɗiya kwano. Ku duka ƙwarya guda nir rene ku. So kike a ce ni ka hana ma jikata abinci?"

Na ba ta haƙuri har bakina ya gaji. Washegari na goya 'yata na hau babur. Inna ba ta rako mu ko zaure ba.

A Tambuwal na saya mata sabon kwano. Ta wanke hannu, ta zauna a gabansa tana kallon ƙofa, tana jiran sauran. Kwana biyu ta ƙi ci. Sai da na zauna na sa hannu, ina kai lomar ƙarya baki ina tauna iska, sannan ta soma.

Wata ya cika, kuɗin komawa bai samu ba. Kullum takardar da likitar ta ba ni tana cikin jakata tana damuna. Na kai 'yata ƙaramin asibitin unguwarmu aka ɗora ta a sikeli. Ta ƙaru, kaɗan dai, amma ta ƙaru. Tun a bakin ƙofa na kira Inna, har da ɗan jin cewa na yi nasara.

Na faɗa mata yarinya ta ƙaru tun da aka raba mata kwano. Can ta ce, "Ƙanenki da yar rasu yana shekara ukku, shi ma bai da saurin hannu."

Ina riƙe da wayar har katin ya ƙare.