Mai Karan Dafi ta Magarya

A Magarya, duk matar da ta haihu ta san kofin Inna Adawiyya. Tun tana amarya take shuka karan dafi a gefen gonar mijinta. Idan ya bushe sai ta ɓare ɓawon, ta tafasa da 'yar kanwa, ruwan ya fito jajir. Takan ce abin da ya yi kama da jini, jini yake ƙarawa. Mijinta ya rasu, gwiwoyinta suka fara ciwo, amma ba ta daina kai wa masu jego ba, kuma ba ta karɓar komai sai addu'a.

Jikarta Mashkura a hannunta ta tashi, domin uwar ta rasu tun tana goye. Da daminar bara zazzaɓi ya kama yarinyar, ya sake ta, ya sake dawowa. Tafin hannunta ya yi fari, tana haki ko daga ɗaki zuwa randa. Inna ta dage da dafa mata karan dafi safe da yamma. Sai da yarinyar ta kasa ɗaga kai sannan kawunta Zayyanu ya ɗauke su a babur zuwa asibiti a Wurno.

Malamin asibiti ya ɗibi jinin a wani siririn gilashi, ya sa a inji ya juya. Da ya ciro, jinin ya rabu biyu: sama ruwa-ruwa mai kalar ɗorawa, ƙasa ɗan ja kaɗan. Ya yi wa Inna bayani a hankali, cewa ruwan shi ke yawo da abinci cikin jiki, jan kuwa ƙananan ƙwayoyi ne masu ɗaukar iskar numfashi, su ne zazzaɓin sauro ya farfasa, shi ya sa take haki.

Inna ta daɗe tana duban gilashin.

"Ɗana, ɗan wanga na duka jan da ar rage mata?"

Ya ce shi ne, sai an ƙara mata jini. Ta miƙa hannu a ɗibi nata, aka gwada, aka ce ita ma bai ishe ta ba. Na Zayyanu ya dace. Ya kwanta aka cika leda, aka rataye ta bisa kan Mashkura, Inna na zaune tana bin kowane ɗigo da ido.

Ledar ba ta kai rabi ba hakin ya tsaya.

Da aka zare allurar, Inna ta rufe yarinyar da mayafinta. Ta dubi ledar da sauran jini a ciki, ta dubi yaron da ke gadon kusa, shi ma leɓensa fari.

"Ku sa mai sauran, kar shi ɓaci."

Malamin ya ce ba a yin haka, jinin da aka buɗe wa wani ba ya zuwa jikin wani. Ta gyaɗa kai. Ta hana Zayyanu ɗauka, ta goya Mashkura da kanta, suka fito.