Torkil, Mai Gyaran Duwatsun Hanyar Fitila

Ranar da gari ya waye tas, ba za ka ga Torkil a kan dutse ba. Yana gida yana shan kofi, yana yi wa tumakinsa faɗa. Amma bari hazo ya taso daga teku ya rufe tsibirin nan namu, har mutum ya kasa ganin ƙofar maƙwabcinsa, to ranar ce zai saka rigar ulu, ya cusa busasshen naman tunkiya a aljihu, ya rataya igiya, ya kama hanyar hasumiyar fitila.

Masunta a bakin ruwa su yi ta tsokanarsa: "Tsoho, yau ma kiwon duwatsun za a tafi? Ka gaishe su!"

Ya ce, "Sun fi ku jin magana."

Hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya tana can ƙarshen tsibiri, inda dutse ya yanke tsaye ya faɗa teku. Babu titi, babu shinge. Tsibin duwatsu kawai kakanninmu suka jera, in ka tsaya a ɗaya ka hango na gaba. Iska da tumaki suna rushe su, Torkil yana tayarwa, tun yana saurayi, ba wanda ya naɗa shi. Kuma ba ya aikin sai cikin hazo, domin a cewarsa da rana kowane tsibi kusa yake. Sai ka tsaya cikin hazo za ka san ko ana hango na gaba, ko kuwa sai an ƙara wani a tsakani.

Da baƙi masu hawan dutse suka yawaita, sai suka shigo da wata ɗabi'a. Kowa ya tara 'yan duwatsunsa inda ya ga dama, ya ɗauki hoto, ya tafi. Kai! Torkil bai ɗauki wannan da wasa ba, ƙafa yake sa wa duwatsun ya rushe su. Tsibin ƙarya cikin hazo bakin rami yake kai mutum. Baƙi suka sa masa suna masifaffen tsoho, mu ma muka taya su dariya.

Sai jirgin ƙanensa Eydun ya kife a gindin dutsen fitila, ba a ga gawarsa ba. Matarsa Sunnuva ta hau ita kaɗai, ta gina masa tsibi dab da bakin dutse, yana fuskantar ruwan da ya cinye shi. Ta gina shi da kyau, har ya fi na hanya tsawo. Kowa ya ga haɗarin, kowa ya ja bakinsa. Wa zai iya da mace mai takaba?

Ranar da hazo ya sauka, Torkil ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce ta raka shi. A tsibi na ƙarshe na gaskiya ya ɗaura mata igiya a kugu, yadda masu kamun tsuntsu a jikin dutse suke yi.

Ya ce, "Ki ɗauka ke baƙuwa ce. Nuna mini hanya."

Ta hango wani duhu a gaba, ta nufe shi. Tana tafiya sai igiya ta tsaya cak. Ta ji kukan tsuntsaye yana tasowa daga ƙarƙashin ƙafarta. Ta duba, tana dab da bakin rami, duhun nan kuwa tsibin mijinta ne.

Ta ce, "Yaya, ba ni da kabarin da zan ziyarta. Wannan kaɗai nake da shi."

"Na sani, Sunnuva. Ni na koya masa tuƙin jirgi."

"To sa masa ƙafa mana, kamar na baƙi! Ai ka saba."

Ya ce, "Ba zan taɓa shi ba."

Bai kuwa taɓa ba. Ga abin da ya yi, kuma duk mun gani da idonmu. Duk ranar da hazo ya sauka, sai ya je ya tsaya a gaban tsibin ƙanensa, iska na dukansa, ruwa na zuba. In ya ji motsin mutane ya ɗaga murya, "Ba nan ba ne! Ku yi hagu!" Haka ya yi har lokacin baƙi ya kusa ƙarewa. Sunnuva ta daina gaishe shi a coci, shi kuma bai kai ƙararta wurin kowa ba. A kan dutsen nan ne sanyi ya shiga gwiwoyinsa bai sake fita ba.

Wata safiya aka ga Sunnuva tana hawa da kwando. Ita ta kwashe duwatsun da hannunta, ta kai su tsibin hanya, tana kuka tana jerawa. Torkil ya miƙa hannu zai taya ta, ta ce, "Bari, Yaya. Nawa ne." Ya koma gefe ya cire hula.

Bana gwiwa ta ƙi, Torkil ya daina hawa. Na gan shi zaune bakin taga, hazo na sauka, yana murza sandarsa.

Torkil, kai ne ka yarda a kira ka masifaffe don baƙon da ba ka san sunansa ba ya koma gida. Kai ne ka ƙi taka zuciyar matar ƙanenka, ka ƙi kuma barin wani ya faɗa, sai ka ɗora abin a kan jikinka. Mun yi maka dariya, yau kunya muke ji. Mun gode, Allah ya saka maka.

Ku kuma masu sauran ƙarfi, ranar da hazo ya sauka wani ya tashi ya hau, kuma kada ya jira godiya. Mutanen da Torkil ya juyar sun isa fitila, sun ɗauki hotunansu, sun koma ƙasashensu. A cikinsu akwai waɗanda har yau suke ba da labarin wani tsoho marar fara'a da ya daka musu tsawa a kan dutse.