Gogen Aro da Waƙar Ban Ruwan Albasa

Shekaru kaɗan bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, kowane gari ya shiga neman abin da zai ɗaga a ce nasa ne. Mu ma a Yelwa dattawa suka kafa kwamiti, aka ɗora masa aikin tattara tsofaffin waƙoƙinmu a kaset, domin a raba wa makarantun firamare tun daga Shanga har Ngaski. Aka sa ni a ciki, ba domin ana ƙaunar halina ba, sai domin ni kaɗai nake da littafin.

Ga asalin littafin. A gungu aka haife ni, wato ɗaya daga cikin tsibiran da ruwa ya shanye sa'ad da aka datse Kwara a Kainji. Ina kwalejin horon malamai wani tsohon soja mai busa begila ya koya mini rubutun kiɗa: layuka biyar, da ɗige-ɗige a bisansu, kowane ɗigo da muryar da yake nufi. Da labari ya tabbata za a tashe mu, sai na ƙarar da hutu guda ina bin kawuna mai goge, ina rubuta abin da yake gogawa. Shi ne yake yi wa masu ban ruwan albasa kiɗa. A gungu da ƙwarya ake ban ruwa, mutum ya duƙa ya kamfato, ya miƙe ya watsa, waƙar kuwa tana tafe da jikinsa. Akwai wuri guda a cikinta inda murya ba ta sauka daga wannan ɗigo zuwa wancan kamar mai taka matakala. Zamewa take yi sannu a hankali, daidai lokacin da ƙugu yake lanƙwasawa. Layukan Turawa ba su tanadar wa wannan zamewa mazauni ba, saboda haka na riƙa ja mata 'yar ƙugiya da jan alƙalami.

Kawu ya rasu bayan an maido mu tudu. Gogensa ya tsage a rataye, 'ya'yansa maza kuwa sun ji ana cewa goge kayan bariki ne, babu wanda ya ɗauka. Saboda haka duk abin da ya shiga kaset ɗin nan, shi yara za su haddace, shi kuma za su koya wa nasu 'ya'yan. In zamewar ba ta shiga ba, ta tafi ke nan, domin babu sauran mai goge da za a koma wurinsa a ce ya gyara.

Kwamiti ya ɗauko wani magidanci daga Zuru, mai kaɗa fiyano a cocinsu, wanda ya mallaki na'ura mai ƙwaƙwalwa. Lokacin hutu ne, aka ba shi aji guda a makaranta ya girke kayansa. Mutum ne mai natsuwa, ba ya yanke wa babba magana. Ya bayyana mini cewa na'urar tana karanta ɗige-ɗigen nan kamar yadda nake karanta su, amma ba ta da murya tata. Muryar tana cikin faifai. Can wani wuri an zaunar da makaɗi na gaskiya, an ɗauki sautin kayan kiɗansa ɗaya bayan ɗaya, an adana kamar hatsi. Shi ya sa yake ce wa kowane faifai rumbun sauti. Rumbun da ka buɗe wa na'ura, da muryarsa za ta rera maka abin da ka rubuta.

Kwana uku yana kwafe littafina, ina zaune gefensa ina duba kowane ɗigo. A rana ta farko ya ɗora yatsa bisa jan alƙalamina ya ce, "Baba, wannan ƙugiyar fa? Ban taɓa ganin irinta ba." Na miƙe na duƙa a gabansa ina rera wurin, da tsufana da rawanina. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na gane. To, za mu ga rumbun da zai iya."

Rumbu biyu ya zo da su. Na farko a bangonsa an zana ganga da taswirar Afirka, a ciki kuma akwai wani goge mai tsirkiya ɗaya, ban san na wace ƙasa ba ne. Da ya sa shi na ji muryarsa ta yi kusa da tamu, da kaushinta da ƙurarta, har zuciyata ta motsa. Amma da aka iso wurin ƙugiya sai ya yi tsalle, ya dira a ɗigo na gaba. Waɗanda suka ɗauki sautin sun ɗauke shi guntu-guntu ne, kowane guntu an daidaita shi da fiyano. Mai na'urar ya yi ƙoƙarin ja masa wuya da hannu, abin ya fito kamar kukan akuyar da aka take wa ƙafa. Rumbu na biyu na kayan kiɗan Turawa ne. A ciki akwai gogensu mai tsirkiya huɗu, muryarsa sumul, ba ta yi kama da ta kawu ba ko kaɗan. Sai dai wanda aka ɗauka ya ja dogon ja, an kuma ɗauki yadda yatsansa yake zamewa tsakanin murya da murya. Da aka iso wurin ƙugiya, ya lanƙwasa.

Na ce da wannan za a yi.

Shugaban kwamitinmu wani Alhaji ne da muka yi aji ɗaya tun muna yara. Shi ɗan tudu ne, kullum ɗan gungu yake ce mini, ni kuma ban taɓa barin masa bashin magana ba. Da kwamiti ya zauna aka sa musu duka biyun, ya ɗaga faifan farko yana nuna wa jama'a bangonsa.

"Ku duba nan, jama'a. Ganga ce, ga kuma ƙasarmu a zane. Sabuwar jiha, a ce mun rasa abin da za mu ba 'ya'yanmu sai gogen Bature? Ɗan gungu, boko ya gama da kai."

Na ce, "Alhaji, bango ba ya kiɗa. Wanda ya goga wannan bai taɓa ban ruwa ba."

"Shi Baturen naka ya taɓa?"

"Bai taɓa ba. Amma yatsansa yana tafiya inda na kawu yake tafiya."

"Kai kaɗai kake jin wannan bambanci. Mu duk nan kurame ne?"

"Ban ce kurame ba ne. Na ce ba ku taɓa riƙe ƙwarya ba, kai kuwa ko albasar sai an yanka maka."

Aka yi dariya, amma da aka nemi ra'ayi kowa ya bi bayansa. Wani ya ce in aka ji gogen Turawa a kaset ɗinmu mutanen Argungu za su yi mana dariya. Wani ya ce ai yara ba za su lura ba. Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai, domin gaskiya ce: ba za su lura ba, za su haddace tsallen su ɗauka haka kakanninsu suka yi. Ba ni kuma da abin riƙewa, tun da an riga an kwafe littafin cikin na'ura, ko na ɗauke shi na tafi gida aikin zai ci gaba.

Na ce ba zan ƙara gardama a cikin aji ba. A yi kaset biyu, a kai wa masu ban ruwan. Kada a gaya musu wanne ne wanne, kada ma a tambaye su ra'ayi, a dai sa musu suna cikin aiki mu ga abin da zai faru. Alhaji ya yarda nan take, domin ya tabbata zan kunyata a gaban dangina.

Muka shiga jirgin ruwa mai inji da sassafe, ni da shi da mai na'urar, muka nufi gaɓar Ngaski inda aka zaunar da mutanenmu. Yawancinsu sun koma injin ban ruwa, ƙararsa kawai kake ji a fadama. Amma 'yar kawun nan nawa, wadda nake ce wa Yaya, tana nan da 'yan kunyoyinta a bakin ruwa, da ƙwaryarta. Ta tsufa ƙwarai, ta kuma ƙi inji, wai yana shaƙe albasa. Muka gaisa, ta dubi rediyo mai cin kaset da ke hannun Alhaji ta ce, "Mi kunka zo da shi, ku da manyan riguna cikin laka?"

Na ce, "Yaya, ci gaba da aikinki. Kiɗa muka kawo miki."

Alhaji da kansa ya zaɓi wanda za a fara, ya sa na rumbun Afirka. Da ta ji farkon waƙar ta tsaya cik, sa'an nan ta duƙa ta kamfato, ta watsa, ta kama tafiya da kiɗan. Alhaji ya dube ni yana murmushi. Da aka iso wurin zamewa kiɗan ya yi tsallensa, ya riga ta isa ƙasa, ita kuwa tana tsakiyar duƙawa. Ta gyara, ta sake bi. A karo na biyu ya sake yi mata haka, ruwan ya zube mata a ƙafa. Ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Wa ka faskara waƙar Baba haka? Wanga so shikai shi karya min baya."

Aka sa na biyu. Ta duƙa tare da shi, ta miƙe tare da shi, ta gama kunya guda ta shiga ta gaba. Wasu tsofaffi biyu da ke gyaran komar kamun kifi a gefe suka ajiye, ɗaya ya kama amshi. Sai da kaset ya ƙare ta ajiye ƙwaryar, ta share hannu a zane.

"Wanga goge ya ƙoshi da yawa," in ji ta. "Na Baba da yunwa shika kuka. Amma dai ya san wurin duƙawa."

Ban ji daɗin rabin maganarta na farko ba, domin ni ma na san haka ne. Mai na'urar ya ce zai iya rage masa santsi kaɗan, amma ba zai iya sa masa yunwa ba.

Muka shiga jirgi muka juyo gida. Sai da rumfunan kasuwar kifi ta Yelwa suka bayyana Alhaji ya ce, "To, ɗan gungu, ka ci. A yi da na Baturen. Amma a bangon kaset kiɗan gargajiya za a rubuta, kada a ji kunya."

Na ce ban yarda ba. Ya ce ba a nemi yardata ba.

Haka kuwa aka buga. Da kwalayen kaset suka iso, aka ajiye su a ajin nan kafin shugabannin makarantu su zo ɗauka. Na karɓi mabuɗi a hannun maigadi bayan sallar azahar, na zauna da alƙalamina, ina ɗaukar kaset ɗaya bayan ɗaya. A kowanne na soke kalmar gargajiya, na rubuta a ƙasa: waƙar tamu ce, gogen na aro ne. Dalilina shi ne, wata rana wani zai so ya ɗaura tsirkiya a ƙoƙo ya farfaɗo da abin kawu. In ya ɗauka wannan sumul ɗin shi ne muryarmu, zai ɓata shekarunsa yana neman abin da ƙoƙo ba ya bayarwa. Gara ya san abin da zai kwaikwaya da abin da zai bari.

Ina cikin kwali na ƙarshe Alhaji ya shigo, an kai masa labari. Ya ɗauki guda ya karanta, ya ce na ɓata kayan jama'a, zai kai ƙarata gaban kwamiti a cire ni.

Na ce, "Ka kai. Amma matsa daga bakin taga, kana tare mini haske, saura kaset goma sha biyu."