Ruwan Randar Goggo Habi

Daga Managil

Ana kiran sallar asuba na fito da akwatin ƙanƙara a kai, cike da kwalabe wayam. Aikina gwada ruwa ne a wani ɗakin bincike a Madani, amma wannan tafiya Goggo Habi ce ta ja ta, ƙanwar mahaifina da ke wani ƙauye bayan Dindar. Ta yi waya cewa shamuwar da ke sauka kan tsamiyar gidanta duk damina suna faɗowa matattu, har maƙwabta sun fara cewa gidan ne ke da abu. "Ka zo ka gaya mini abin da ke kashe mini baƙi," in ji ta, ta kashe waya.

Kafin Sinnar aka tsayar da motarmu a shinge. Soja ya buɗe akwatin, ya dube ni, ya kira ni "ya zol", wato "kai mutum" da Larabcin Sudan.

"Ya zol, me kake sayarwa?"

"Ruwa zan ɗebo a Dindar."

"Nilu ya ƙafe ne ba mu da labari?"

Duk motar aka kwashe da dariya, har da direba, wanda tun safe bai yi wa kowa murmushi ba. Na haɗiye fushina da ƙyar.

Dindar

Na ci ful a bakin kasuwa, dafaffen wake mai yaji har sai da na yi hawaye, sannan na haye bayan lori tsakanin buhun albasa da wata akuya mai son rigata. Laka ta riƙe mu a hanya, muka sauka muka tura. Da la'asar na isa, ban yi kama da ma'aikaci ba.

Goggo ta ajiye mini kisra, wainar dawa mai falle-falle, da miyar kuɓewa, amma na ce sai na ga maya tukuna, wato tafkin da ambaliya ke bari, inda tsuntsayen ke kiwo. Na tarar da kwaɗi birjik a gefe, ciki sama. A can ƙarshen wani yana wanke famfon feshi, hankalinsa kwance. Wallahi raina ya ɓaci. Na shiga har gwiwa na cika kwalabe da ruwan nan mai kalar koko, na jera su a ɗakin da aka sauke ni.

Da safe lori na ta hon a ƙofar gida, na buɗe akwati. Kwalabena tas, ruwa garau!

"Goggo! Wa ya taɓa kayana?"

"Ni ce. Haba ɗana, ka zo gidana ka tafi da ruwan da jaki ma ba zai sha ba? Me uwarka za ta ce? Na zubar, na cika maka da na randa."

Na riƙe kai. Ita kuwa sai cusa mini gyaɗa take a aljihu. Na roƙi direba ya tsaya a bakin maya, ya ce lorinsa ba jirgin ruwa ba ne, amma ya tsaya. Na juye rabin kwalaben na sake cikawa. Sauran na bar su da ruwan randa, don in nuna wa abokan aiki su yi dariya.

Madani, sai gida

Sun yi dariyar kuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ce bari a gwada na Goggo ma, a ba ta shaidar tsabta. Na wuce Managil na yi barcin gajiya.

Da sakamako ya fito babu wanda ya yi dariya. Maganin ƙwarin da ke cikin maya, shi ne a cikin randa. Jikokinta kuwa daga nan suke sha. Nan take na kira ta.

"Goggo, da me kuke ɗebo ruwa?"

"Da jarkar nan shuɗiya mai ƙwari, wadda aka ba ni bayan feshin gona. Na wanke ta da toka sosai."

"Ku jefar da ita yau, ku zubar da ruwan randa. Ba gidanku ne ke da abu ba. Maganin feshi ne ya kashe shamuwa, kuma shi kuke sha."

Na ji ta kira wata ta ce a sauke kofin nan daga bakin yaro. Sannan ta dawo kaina.

"To da ban zubar maka da wancan ƙazamin ba fa?"

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa direban da ya tsaya. Goggo kuwa ta hana kowa wanke famfo a maya, kuma har yau jira take in gode mata da bakina.