Inna Hamsatu, Wadda Ta Sauke Wa Matan Kalley Taɓarya

Mai abu ya karɓi abinsa, mu kuwa da aka bai wa aro ba mu da ta cewa sai Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Satumba na 1971, cikin watan Rajab, Allah ya yi wa Inna Hamsatu, mai injin niƙa ta unguwar Kalley a nan Yamai, rasuwa bayan gajeren zazzaɓi. Ina shagona na ɗinki a Babbar Kasuwa da hantsi, sai Sanusi, tsohon direba, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Zailani, rufe shago. Inna ta cika." Na zare ƙafata daga kan keke, na bar allura cikin rigar wani, muka kama hanya.

Inna, ba ke kika haife ni ba, ba kuma harshe ɗaya muka tashi da shi ba. Shekarar da ƙasa ta samu ƴancin kai na zo daga Madawa, ni da matata Balkisa da kan keken ɗinki naɗe cikin tabarma. Zabarmancin da na sani duka bai wuce gaisuwar "fofo" ba. Mun nemi ɗakin haya a gidaje da dama ana duban ƙurar ƙafarmu ana girgiza kai, har muka iso ƙofarki. Kika dubi Balkisa, ba ki dube ni ba, kika ce, "Yarinyar nan ta gaji. Ku shiga, a yi maganar ɗaki gobe." Hausarki ta kasuwa ce, ba ta rarrabe namiji da mace. Shekara goma sha ɗaya kina ce mini, "Zailani, ke zo ki ci tuwo," ban taɓa gyara miki ba, don ban ga abin gyara ba.

Wanda bai san Yamai ta wancan lokaci ba, sai a gaya masa cewa turmi ne ke tashin gari. Kafin rana ta fito lugude ya cika kowane gida, daga unguwar Gamkalle har ta Yantala. Mu maza muna jin sa kamar kiɗa, mu gyara kwanciya. Ba mu taɓa tambayar abin da yake ci a jikin masu yin sa ba. Ke kuwa kin sani, don da shi kika rayu. Tun da mijinki ya rasu kika baro ƙauyenku Tondibia da yara biyu, dakau kika riƙa yi a gidajen ma'aikatan gwamnati, da shi kika ciyar da Adamu da Zeinabou, da shi kika sa su lakkol, wato makarantar boko, da shi kika gina ɗakunan da muka samu mafaka. Tafin hannunki duk kanta ne, kafaɗarki ta dama kuma ba ta ɗaguwa sosai. Idan za ki ɗaura kallabi sai kin sunkuyar da kai wajen hannu.

Alherinki na farko da ba zan manta ba ya zo ne a kan cikin Balkisa. Sau biyu ta yi ɓari a gidanki. Da ta samu na uku, ungozomar likita ta ce idan muna son wannan ya tsaya, kada ta ƙara ɗaga taɓarya. Na rasa yadda zan yi. Ba mu da dangi a garin, ɗinki kuma bai fara kawo abin ɗaukar mai aiki ba. Ban roƙe ki ba. Washegari na ga kin ɗauke taɓaryar Balkisa kin kai ɗakinki, kin haɗa geronmu da naki cikin turmi ɗaya. Haka kika yi ta yi wata da watanni. Sai daga baya Balkisa ta gaya mini cewa kullum da yamma sai ta gasa miki kafaɗa da tsumma mai zafi ta shafa man kaɗanya, wani lokaci kina hawaye kina cewa hayaƙin murhu ne.

Cikin wannan hali ƙanenki Jibo ya dawo daga Kumasi, inda ya yi shekaru yana aiki a wani gidan niƙa. Ya ba ki labarin ƙarfen da ke mayar da buhun hatsi gari kafin mace ta gama tankaɗe ƙwarya guda. Wasu sun ji labarin sun yi mamaki sun wuce. Ke kika tafi Tondibia kika sayar da shanun da kika gada wajen mahaifinki. Danginki suka taru a kanki, suna cewa ba a taɓa ganin mai hankali ya sayar da abin da ke haihuwa ya sayi abin da ke tsatsa ba. Kika saurare su har suka gama, kika yi musu sallama. A 1962 Sanusi ya sauke injin daga kamiyonsa, babbar motar kaya, a ƙofar gidanki, tsoho ne, fentinsa ya koɗe, an ɗaure shi da igiya kamar bijimin da ake tsoro.

Ranar da Jibo ya fara tayar da shi, jakunan masu itace suka tsinke, kaji suka haye katanga, unguwa ta fito kallo. Kallon kawai aka yi. Ba wadda ta kawo ko tiya guda. Aka ce garin inji warin gazuwal, man da inji ke sha, yake yi. Aka ce ƙarfe yana goguwa ya shiga cikin mutum. Aka ce yana kashe ƙarfin namiji, wannan kuwa ita ta fi tafiya nesa. Malam Abdulaye mai goro, maƙwabcinmu, ya rantse a bainar jama'a cewa ranar da garin inji ya shiga tukunyar gidansa, ranar zai daina cin tuwo. Ga shanu sun tafi, ga ƙarfe zaune cikin rumfa, ga dangi suna aiko da gaisuwar da ta fi zagi ciwo. Na san kin shiga damuwa, don a watannin nan kin rame, kin kuma daina zuwa biki. Duk da haka kowace safiya sai kin sa Jibo ya tayar da inji saboda tiyarmu da taki, a ƙona gazuwal ɗin da ya isa niƙan unguwa. Da ya yi ƙorafi kika ce, "Bari su saba da muryarsa tukuna."

Allah ya sauki Balkisa lafiya, ta haifi Ramatou. Ranar suna ke kika ɗauki nauyin girki. Jibo ya ba da shawarar a ciyar da mutane tuwon garin inji a ɓoye, sai sun cinye a gaya musu. Kika ƙi. Da aka jera akusa gaban maza, kika tsaya daga bakin zaure kika ɗaga murya: "Tuwon nan ƙarfe ne ya niƙa shi. Wanda ba ya so, ga furar turmi nan, ba laifi." Hannuwa suka tsaya. Sai tsohon limamin unguwa, wanda haƙoransa suka daɗe da ƙarewa, ya yi bisimilla ya kai loma. Ya haɗiye, ya ƙara, sannan ya ce rabonsa da tuwon da bai yi faɗa da dasashinsa ba tun yana saurayi. Aka yi dariya, aka ci. Malam Abdulaye fura ya sha ya tafi.

Daga ranar ƙorai suka fara zuwa, da ɗai-ɗai, wasu rufe da zane don kada a gane na wane gida ne. Cikin masu rufewar har da Adama, matar Malam Abdulaye. Kin riƙe mata sirri fiye da shekara. Wata rana shi da kansa ya tsaya gaban rumfa yana gyara hula, ya ce, "Hamsatu, ki ce wa Adama ta daina wahalar zagayawa ta bayan gida. Tun lomar farko na sani." Ba ki yi masa dariya ba sai da ya sha kwana, kuma ba ki taɓa tuna masa rantsuwarsa ba. An ce ya yi kaffara.

Ba kowa ne ya yi murna ba, ba zan kuma ɓoye wannan don kin rasu ba. Matan da kuka yi dakau tare sun ga abincinsu yana tafiya cikin bakin ƙarfe. Halimatou, babbarsu, ta zo har gida ta ce miki kin hau tudu kin ture tsani. Maganar ta shige ki, kwana biyu ba ki ci abin kirki ba. Abin da kika iya shi kika yi: kika ƙara rumfa kusa da inji, kika ce inji ba ya surfe, ba ya bakace, ba ya tankaɗe, duk mai son waɗannan ga masu yi nan. Wasu suka zauna suka samu na cefane. Wasu suka koma sayar da ƙosai, wasu suka koma ƙauye. Halimatou ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwarki, ke kuma ba ki fasa gaishe ta ba, har ranar da jikarta ta kawo niƙa ta ce kakarta na gaishe ki. Injin ma ya karɓi nasa haƙƙin: ya ci yatsun Jibo biyu, ke kuma ƙararsa ta taɓa miki kunne, har ya zama idan kina yi wa mutum sannu ana ji a gida na uku.

Da motar Sanusi ta kife ya samu rauni a ƙafa ya daina tuƙi, ke kika sa Jibo ya koya masa aikin inji, kika kuma raka shi neman wurin kafa nasa a unguwar Boukoki. Bayansa wani Kabiru ya koya ya buɗe a Gamkalle. Su ma suka koya wa wasu. Yau ba unguwar da za ka shiga a Yamai ba ka ji wannan bugun ba, kuma tun da aka buɗe gada bara, har Kirkissoye a ƙetaren kogi an kai. Sababbin injuna sun fi naki sauri, sun fi shi tsabta, layin da ke ƙofarki ya ragu. Jibo ya taɓa yin fushi a gabana, ya ce kin raba kasuwarki da hannunki. Kika ce masa, "Da na sayar da shanu, ba layi nake nema ba. Matar Boukoki ma kafaɗa gare ta."

Yanzu abin ya zama kamar famfo, kamar keke, kamar akwatin rediyo. Ba mai fitowa kallo, ba mai rufe ƙwarya da zane. Yarinya ta ɗora tiya a ka, ta je ta dawo kafin ruwan tuwo ya tafasa, ba ta san an taɓa yin rantsuwa a kan wannan ba. Cikin azumin bara ina ba Ramatou labarin lugude, sai ta tambaye ni ko da gaske akwai lokacin da babu inji a duniya. A ganinta tare da kogi aka halicce shi. Na zo na gaya miki ina jin haushi, ina cewa yaran yanzu ba su san wanda ya yi musu wahala ba. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Da ya lafa kika ce, "Zailani, ke ba ki gane ba. Wa ya san sunan wanda ya fara haƙa rijiya? Ruwa ake sha."

Wani abu ɗaya dai ba ki yarda ƙarfe ya taɓa ba. Duk ranar Juma'a sai kin jawo ƙaramin turmi, ki daka furarki da hannun hagu, a hankali, kina waƙar Zabarmanci wadda har yau ban san ma'anarta ba. Kin ce tuwo na ciki ne, fura kuwa ta rai ce. Juma'ar ƙarshe da na zo duba ki, kina kwance, kin sa Zeinabou ta daka a bakin ƙofa don ki ji. Kika tambaye ni ko geron bana ya nuna a wajen Madawa. Na ce an ce ya yi kyau. Kika ce alhamdu lillahi, kika rufe ido kamar wadda aka kawo wa saƙon da take jira. Ban ga tsoro a fuskarki ba, ban ga nadama ba. Shi ya sa ko da nake wannan rubutu idona na ruwa, zuciyata a kwance take.

Ya Allah, ga baiwarka Hamsatu ta zo maka. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta sauƙaƙa wa bayinka wahalar safiya, ka sauƙaƙa mata tambaya da hisabi. Ka sa kowace lomar da aka ci ta dalilinta ta zama sadaka mai gudana a mizaninta, ka hutar da ita a Aljannar Firdausi. Mu da muka saura, ka kyautata ƙarshenmu.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta Balkisa da ta Ramatou ga ƴaƴanta Adamu da Zeinabou, ga ƙanenta Jibo, ga dangi na Tondibia, da dukan mutanen Kalley. Da harshenku nake ce muku fonda tilas, gaisuwarku ta rashi, da nawa kuma nake cewa Allah ya ba mu haƙuri. Akwai kuma waɗanda ba za su zo zaman makoki ba, don ba su taɓa jin sunanta ba: matan da gobe da safe za su jera ƙorai a bakin injunan garin nan suna hira. Su ma an yi musu rasuwa, ko da ba su sani ba. A madadinsu nake cewa: Inna Hamsatu, mun gode. Allah ya jiƙan ki.

Zailani Tela, Babbar Kasuwa, Yamai