Ubale ya bar ƙofarsa, ni ma na bar tawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan na ga hoton Alhaji Ubale a Facebook, an rubuta masa "bango ya faɗi". Tun jiya da la'asar aka binne shi a Kabo. Ni ina nan Gwarzo, tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba, amma babu wanda ya kira ni.

Na karanta abin da kuke rubutawa. "Uban marayu." "Mai kishin al'umma." Rabinku ba ku taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, sauran rabin kuma shinkafar sadakar uku kuke jira. Ni na san shi tun muna firamare, don haka ku bari in faɗi nawa.

Mu huɗu gwamnati ta tura karatu Amurka daga yankinmu a shekarun saba'in: ni, da Ubale, da Shehu, da Ɗanlami. Garin da aka kai mu sanyi ne da shi kamar azaba. Makon farko na fita da 'yar shara, Ubale ya cire kwat ɗinsa ya ɗora mini, ya ce, "Sa, kada ka mutu a ce ni na ci ka." Shi ne kuma mai tuƙa mana tuwo da garin masararsu, mu ci da kuɓewar gwangwani muna zagin miyar.

Shi ya koya mini kallon ƙwallon Amurka. Ba wadda kuke kashe kanku a kanta a gidan kallo ba. Wannan da hannu ake ɗaukarta, doguwa ce kamar gwanda, 'yan wasan da hular kwano.

Duk Lahadi da rana muna gaban talabijin ɗin ɗakin ɗalibai. Ni ina bin ƙwallo da ido, sai ya dungure ni.

"Kai Hedimasta, daina kallon mai gudu. Kalli ƙartin nan huɗu."

Tun a can yake ce mini Hedimasta, saboda yawan gyara wa mutane Turanci.

Ƙarti huɗun su ne layin gaba na masu tsaro. Za su durƙusa a jere, hannu a ƙasa, numfashinsu na tashi kamar hayaƙin murhu. A zamanin nan akwai layuka biyu ko uku da ƙasar gaba ɗaya ke tsoro, har kirari aka yi musu. Mutane ne marasa haƙoran gaba, yatsu duk a karkace. Lokacin an yarda ka kwaɗa wa abokin karawa mari a hular kwano har kunnensa ya yi ƙara. Su kayar da mai jefa ƙwallo cikin taɓo, su tashi su koma layi, ko murmushi babu. Na yanzu in ɗaya ya kama mutum sai ya tashi yana rawa kamar ɗan biki.

Ubale ya ce sirrinsu ba girman jiki ba ne. Tsakanin kowane mutum biyu akwai ƙofa, kuma kowa an ba shi tasa. "Ko ka ga ƙwallo ta yi can, kada ka bi. Tsare ƙofarka. Ranar da ɗaya ya bar tasa don a tafa masa, ta nan za a wuce, ukun nan sun sha duka a banza."

Ku riƙe wannan maganar. Daga bakinsa ta fito.

Mun dawo gida, shekaru suka ja. Sai wani babban mutum ya sa ido a kan fadamar ƙauyenmu, can gefen Dugabau, inda tsofaffi ke noman albasa da tumatir da rani. Aka kawo takardar mallaka masa ita da Turanci. Mutanenmu ba sa karanta Turanci, amma suna da hanyarsu: in takarda ta zo, sai su duba ko akwai sa hannun ɗaya daga cikinmu 'yan Amurka. In akwai, su dangwala yatsa ba tambaya. In babu, ko mai gari ne ya kawo ba za su taɓa tawada ba.

Muka zauna a zauren Shehu. Ubale ne ma ya yi dariya ya ce, "To, ga layi ya haɗu. Kowa ya tsare ƙofarsa."

Shehu ya tsare. Ɗanlami ya tsare. Ni na tsare har aka jefa ni wata makaranta da ko alli babu.

Ubale ya sa hannu.

Tsofaffi suka ga sunansa, suka yi layi suna dangwalawa suna sa masa albarka. Bayan wata biyu aka zagaye fadama da waya. Shi kuma aka ba shi kujerar wani kwamiti da mota mai tuta.

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shi ya kai marigayiya matata asibiti a Kano, ya wuni a tsaye. Duk kaka yana aiko mini da buhun gero, duk kaka ina mayar masa. Shehu da Ɗanlami sun rasu, shi ya fi kowa kuka. Mai laifi dama ya iya kuka.

Ganinmu na ƙarshe bayan babbar sallah ne. Ya zo gidana da hantsi yana dogara sanda, ciwon suga ya tsotse shi. Ya fito da waya, ɗansa ya sa masa wani tsohon wasan ƙwallon Amurka, hoton duk ya dushe.

"Hedimasta, dubi mutanenka."

Na ce, "Na gani. Su huɗu ne har yanzu. Babu wanda ya tafi karɓar mota."

Ya ce, "Mu biyu muka rage. Makara kusurwa huɗu gare ta. In na riga ka, ka zo ka kama ɗaya, ka ce ka yafe."

Na ce, "A bar tawa a buɗe, yadda ka bar taka."

Ko ruwa ban ba shi ba.

Yau da na ga hoton na kira babban ɗansa, Injiniya Nura. Na ce, "Nura, haka ake yi? Ubanka ya mutu in ji a waya?"

Ya ce, "Baba Malam, ka yi haƙuri. Wasiyya ya bari. Ya ce kada a dame ka, ka riga ka ba shi amsa."

Na ce, "To wa ya fara kama makarar?"

"Ni da ƙannena biyu. Ta huɗun sai Alhaji mai gonar fadama ya matso ya kama."

Kun ji. Sau biyu mutumin nan yana samun ƙofa a buɗe. Ta farko Ubale ya bar masa. Ta jiya ni na bar masa.

Haƙƙin fadama ba nawa ba ne, masu shi yawancinsu suna ƙasa, can za su haɗu. Nawa kuwa na yafe, Ubale. Na san na jira sai da kunnenka ya cika da ƙasa sannan na faɗa.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa masu fadama su fi ni tausayi. Ku kuma masu karantawa, kada ku manna mini hoton fuska mai hawaye ku wuce. Ku ajiye wayar, ku ɗaga hannu ku yi masa addu'a. In ta yi saura, ku sa ni a ciki, don ban san wa zai kama tawa ba.