Ɗan Batirin da Na Cire a Kaset ɗin Yaya Rabi'u

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Rabi'u makwancinsa a nan Dubai, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna haushi ya kama ni, in ajiye biro. Ina jin haushinsa, ina jin haushin wata tsohuwar na'urar gem da ya mutu ya bari, amma wallahi wanda na fi jin haushi ni ne. Bana dai na ce ko me zai faru sai na rubuta.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni garin nan, ya koya mini aikin kago a ɗan ofishinmu da ke Al Buteen, inda 'yan kasuwar Kano ke jibge mana kaya mu auna, mu ɗaure, mu tura gida. Dattijo ne mai kamala, in rigima ta kaure tsakanin Alhazawa shi ake kira. Amma da zarar ya sami sarari, sai ka ga mutumin nan da furfurarsa ya cusa hannu aljihun jallabiya ya zaro wata aba ruwan toka, mai kauri kamar sabulun wanki, ya koma bakin taga yana danne-danne. Tun yana saurayi ya saye ta a Legas. Baƙi suna shigowa suna ganinsa, ni kuma kunya ta ishe ni.

Wanda bai taɓa riƙe irin na'urar ba, ba zai gane dalilin ƙorafina ba. Gilashinta ba ya kawo haske, sai ka nemi inda rana ke faɗowa ka karkata ta, ka ƙara karkatawa, kana ƙanƙance ido. Launi babu, daga kore-kore sai toka-toka. Mutanen da ke ciki in suka yi gudu sai su dusashe, ka rasa wanne ne naka wanne ne dodon. Batir huɗu take ci. Kowane wasa yana cikin kaset ɗinsa, kuma kaset ɗin ba ya tashi sai an zare shi an hura masa iska an mayar, wani lokaci sau uku. Ƙarar da take yi kuwa, haba! Kamar an matse ɗan tsako.

Na sha ce masa, "Yaya, don girman Allah ka yar da abin nan, ga waya a hannunka mai launi, duk wasan da kake so yana ciki."

Sai ya yi dariya ya ce, "Nasiru, wayarka sau nawa ka canza mata gilashi bana? Wannan ta faɗo daga saman kwantena, na ɗauka na kakkaɓe na ci gaba. Ba ta neman sabis, ba ta nuna mini talla, kuma babu Alhajin da zai kira ni ta cikinta ya tambaye ni ina kayansa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ba ni haushi.

Yana da 'ya ɗaya, Hafsa. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara bakwai, sai aka bar ta a hannun Hajiyarmu a Kano. Akwai wani kaset da yake na su biyu, wasan tafiya ne, mutum huɗu suna ratsa garuruwa da dazuka da koguna suna yaƙar dodanni, in ka gaji ka ajiye inda ka tsaya, gobe ka ɗora. Shi zai yi ta bugawa a nan har ya maƙale a wani wuri. In ya je gida hutu sai ya miƙa mata, ita da ta fi shi jin Turancin da ke fitowa a gilashin ta warware masa, su ɗan matsa gaba tare, ya dawo da abinsa. Shekara bakwai suna kan wasa ɗaya. A zuwansa na ƙarshe ya dawo yana ta ba kowa labari a ofis, wai sun iso ƙofar gidan babban dodo, kuma ya yi wa Hafsa alkawari ba zai shiga ba sai da ita. Bayan wata biyu zuciyarsa ta buga a cikin sito, bayan la'asar, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A nan aka binne shi, don haka Hafsa ba ta ga gawarsa ba, ba ta kuma da kabarin da za ta je. Da na kira ta ranar uku, tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, ba ta tambaye ni agogonsa ko wayarsa ba. Cewa ta yi, "Baffa, gem ɗin Abba. Don Allah kada kowa ya taɓa kaset ɗin, ni zan ƙarasa mana." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, da hannuna zan ɗaure shi.

To a nan ne aikina ya ci ni. Mu 'yan kago akwai abin da ya zame mana jiki: duk kayan da za su hau jirgi, sai mun cire musu batir. A lokacin an tsananta, batir ɗaya in aka gani a cikin kwali ana iya tsayar da kayan mutane da yawa. Yaya da kansa ya koya mini, har yana cewa in ina shakka in buɗe in duba. Rediyo, tocila, motar wasan yara, hannuna yana cirewa tun kafin kaina ya yi tunani. Da na zo ɗaure kayansa na cire batir huɗun nan na na'urar. Sai na ɗaga kaset ɗin, jikinsa irin mai nuna ciki ne, na hango wani ɗan batir zagayayye kamar maɓallin riga a manne. Ban tsaya ba. Na nemo sukundireba na kwance, na sa filaya na ɓalle shi, har ina yaba wa kaina da na gano abin da wani ba zai gano ba.

Kafin in rufe kwalin na ce bari in kunna in ga fuskar abin da ya ɗauke masa hankali shekara da shekaru. Na mayar da komai, na hura kaset na saka. Sai ga rubutu ɗaya tal a gilashi, mai cewa a fara sabon wasa. Na kashe na kunna, na hura na sake hurawa har kaina ya yi jiri. Na kwasa da gudu wajen wani mai gyaran wayoyi a bayan layinmu, ɗan Pakistan. Ya juya kaset ɗin, ya dube ni, ya ce, "Habibi, khalas," wato aboki, shi ke nan. Ya yi mini bayani cewa wannan ɗan batirin shi ke riƙe da duk abin da aka ajiye, da ya rabu da jikin kaset ko na ƙiftawar ido ne, komai ya tafi. Ya liƙa mini sabo, amma ya ce tsohon wasan babu mai dawo da shi.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wane irin mutum ne zai ƙera abin da zai jure faɗowa daga saman kwantena, sannan ya rataye wahalar shekara bakwai a kan abin da bai kai ƙwandala ba? Ko gargaɗi ba su rubuta a jiki ba. Mai gyaran ya ce ai ko ban taɓa ba, batirin da kansa zai mutu wata rana. To ina ruwana da wata rana? Ni na ɓalle shi, da filayata.

Abin da ya kamata in yi shi ne in kira yarinyar nan in faɗa mata. Ban yi ba. Na tura sauran kayan, na riƙe na'urar, na ce mata dokar jirgi ce ta hana, tana nan a ajiye sai ta zo da kanta. Sannan na yanke shawarar da har yanzu nake mamakin wautarta: zan buga wasan daga farko har in kai ƙofar nan, in miƙa mata kamar ba abin da ya faru.

Jama'a, na ga ta kaina. Ni da nake yi wa Yaya tsiya, sai ga ni a bakin tagar ɗakinmu na Hor Al Anz ina karkata gilashi ina neman haske, abokan zamana suna tambaya ko lafiya. Wasan ba ya gaya maka inda za ka. Babu taswirar kirki, sai wani tsoho a wani ƙauye ya faɗi magana ɗaya, in ba ka riƙe ba ka shiga uku. Akwai wani kogo da na yi wata huɗu ina zagaye a cikinsa. Sau biyu batir ya ƙare mini ban ajiye ba, aikin mako guda ya bi iska. Na taɓa yin jifa da na'urar don takaici, ta bugi bango ta faɗo, na ɗauka na ga ko ƙwarzane ba ta yi ba, har waƙarta take ci gaba da yi. Sai lokacin kullen korona, da aiki ya tsaya cak, na samu na yi nisa. A nan ne kuma na fara gane abin da Yaya ya gani a cikinta. Ba ta gaggauta ka, ba ta roƙon ka komai, inda ka bar ta jiya nan za ka same ta yau. Na gane, amma ban daina zaginta ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wasannin yanzu. 'Ya'yan abokan aikinmu suna buga na waya da mutanen da ba su taɓa gani ba, in wayar ta faɗa ruwa a sayi wata, wasan ya dawo daidai inda aka tsaya. Na san zai taɓe baki ya ce hayaniya ce kawai, kowane minti sai an katse ka da talla. Ni kuwa sai in ce masa, Yaya, da irin wannan ka riƙe, da ƙaninka bai shafe shekara huɗu da rabi yana yi wa marainiya ƙarya ba. Duk sallah in ta kira sai ta tambaya, "Baffa, yana nan ko?" In ce yana nan.

Farkon shekarar nan Hafsa ta zo, ta rako wata gwaggonta sarin abaya. Ta zama budurwa, tana jami'a. Ni kuma mako uku kafin nan na isa ƙofar, na ajiye, na yi hamdala. Bayan azahar na kai mata masaukinsu. Ta karɓa da hannu biyu, ta nufi taga ba tare da an gaya mata ba, ta hura kaset ɗin sau ɗaya ta saka. Da ta ga ƙofar sai ta yi murmushi, ni kuma na sauke ajiyar zuciya. Sai ta danna wani wuri, jerin mutum huɗun nan ya fito. Murmushin ya ɗauke.

Ta ce, "Baffa, ina Umma?"

Ban gane ba. Ashe a farkon wasan ana ba ka dama ka raɗa wa kowanne suna, harafi biyar. Ni don gajen haƙuri na danne na wuce, na bar su da sunayen Turawan da suka zo da su. Su kuwa ranar da suka fara, wata biyu bayan rasuwar mahaifiyarta, sun zauna sun rubuta Abba, Umma, Hafsa. Ta ce shekara bakwai ba su taɓa barin Umma ta faɗi a yaƙi ba, in ta faɗi kashewa suke su koma baya. Ta ce, "Na huɗun kai ne. Abba ya sa masa suna Baffa."

Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, da filayar, da mai gyara, da kogon. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta share ido ta ce, "Batir ai kuskure ne, Baffa, kowa zai iya yi. Amma da ka faɗa mini tun lokacin, da na haɗa kukan da na rasuwarsa na yi gaba ɗaya. Yanzu ka sa sai na yi sabo." Ta sa na'urar a jaka. Ba ta shiga ƙofar ba.

Mutane suna tuna Yaya Rabi'u da sulhu da riƙon amana, kuma sun yi gaskiya. Ofishin yana nan, har yau in baƙo ya shigo sunansa yake fara ambata. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na zauna da mutumin nan shekara da shekaru ina ganin wasan yara yake yi, alhali iyalinsa ya tara a wuri ɗaya, da mai rai da wadda ta rasu, yana yawo da su a aljihu. Na iya dawo da hanya, da makamai, da ƙofar, duk abin da haƙuri ke iya kawowa. Abin da ya sa a ciki da hannunsa ban ma san da shi ba, saboda ban taɓa leƙawa na tambaye shi me yake gani a gilashin ba. Allah ya gafarta masa, ni ma ya yafe mini.

Hafsa tana gaishe ni, ba ta yanke zumunci ba, amma gaisuwar gajeriya ce. Watan jiya ta turo mini hoto ba tare da ko kalma ɗaya ba. Gilashin na'urar ne, ta ɗauka a tsakar gidan Hajiya. Ta goge nawa ta fara sabo, suna ƙauyen farko. Na buɗe hoton sosai na karanta jerin: Abba, Umma, Hafsa. Na huɗun har yanzu da sunan Baturensa yake tafiya.